Ku tanadi wurin rubutu kafin kwamfuta ta faɗi

Ƙannena masu shiga aikin kula da kwamfutoci, ina so in ba ku labarin makonni ukun da na ɓata a kan wata uwar garke, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci suke dogara da ita, mai amfani da babbar manhajar Linux, a wani ƙaramin ofis da na taɓa yi wa aiki. Na'urar takan sandare cikin dare, da safe in iske fitilunta a kunne amma ba ta amsa kowa, sai in danne maɓallin wuta har ta mutu, in sake kunnawa, in buɗe kundin bayananta ina neman abin da ya faru. Kullum abin da nake gani shi ne bayanin tashin da ta yi minti biyu da suka wuce, na jiya kuwa babu ko layi ɗaya.

Sai daga baya na gane cewa laifina ne. Manhajar journald, wadda take tattara bayanai a yawancin nau'o'in Linux na yanzu, takan ajiye kundinta a /run/log/journal idan babu jakar /var/log/journal, shi kuwa /run yana cikin RAM ne, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, wadda take share duk abin da ke cikinta da zarar an kashe na'ura. Gyaran bai kai minti biyar ba: a rubuta Storage=persistent a cikin /etc/systemd/journald.conf, a sake tayar da manhajar. Daga nan umarnin journalctl -b -1 zai nuna muku bayanan zaman da ya gabata.

Na yi zaton na gama, ashe da sauran rina a kaba. Idan kenel, wato zuciyar babbar manhajar, ita ce ta faɗi, ba ta rubuta komai a faifai, domin ba za ta amince da kanta ta taɓa faifan a wannan hali ba, kada ta lalata abin da ke kai. Saƙonta na ƙarshe, wanda shi ne ake bukata, yana tsayawa a RAM. Don haka aka samar da pstore, wanda yake ajiye wutsiyar saƙon a wurin da sake tashi ba ya gogewa, kamar ma'adanar UEFI, wato manhajar da ke jikin allon na'urar wadda take fara tayar da ita, a same shi a /sys/fs/pstore bayan an tashi. Akwai kuma ramoops, wanda yake keɓe wani yanki na RAM, amma shi yana tsira ne kawai idan na'urar ta sake tashi ba tare da wuta ta yanke ba. Ni da nake danne maɓalli kowace safiya, da hannuna nake share shaidar, kuma a wurin da ake yawan ɗauke wuta bai kamata a dogara da ramoops kaɗai ba.

Kuskurena mafi ciwo ya zo ne da kdump. Wannan tsari yana keɓe wani ɓangare na RAM tun a lokacin tashi, ta hanyar wani saiti da ake ba kenel mai suna crashkernel, domin idan kenel ta farko ta faɗi, ta biyu ta tashi a wurin ta kwafe abin da ke cikin RAM zuwa /var/crash. Na girka shi, na tafi gida da kwanciyar hankali, ban gwada ba. Da na'urar ta sake faɗuwa sai na tarar da jakar babu komai, saboda faifan ya kusa cika, fayil ɗin kuwa yana da girma. Ku gwada tun kafin a soma dogara da na'urar: umarnin echo c > /proc/sysrq-trigger yana kayar da kenel da gangan, sai ku duba ko an rubuta abin da kuke tsammani. Kada ku yi wannan a lokacin da mutane suke aiki a kanta.

Abin da ya fitar da ni a ƙarshe shi ne netconsole, wanda yake tura saƙonnin kenel ta hanyar sadarwar kwamfutoci zuwa wata kwamfuta a daidai lokacin da suke fitowa. Na ajiye tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a ƙarƙashin tebur tana saurare, kuma a dare na huɗu ta kama layukan ƙarshe, inda sunan direban na'urar da ke sarrafa faifai, wato ƙaramar manhajar da take tafiyar da ita, ya fito ɓaro-ɓaro. Na sabunta direban a ranar, na bar tsohuwar kwamfutar a wurinta har wata guda.