Godiya bayan an sallamo Abba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallame mu daga asibiti bayan asma, wato fuka, ta kwantar da ɗana Abba, muna gida. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba ku yi mini afuwa, ramuwar barci nake yi har yanzu.

Kun bi mu tun daga farko, ba sai na maimaita ba. Goggo, kin ce kada in ambace ki, to ki yi haƙuri, yau sai na ambata. Daren da hazo ya rufe Garwa, nan Kamaru, har ba a hango gadar Binuwai, mahaifin Abba yana Ngawundare, ke kika tsallako daga gidanki kika zauna da ni. Tun magariba ƙirjin yaron nan yake fito. Can cikin dare fiton ya ɗauke, amma haƙarƙarinsa na ta lotsawa, ramin wuyansa na shiga ciki, ya buɗe baki zai kira ni ya kasa ƙarasawa. Kika kara kunne a bayansa, kika ɗago kika ce, "'Yar nan, ɗauko mayafinki." Ba ki ƙara kalma ba. Shekaru kika yi kina jinyar fukar marigayi Baffa, kin san wannan shirun. Da gari ya waye likita ya tabbatar: idan fito ya tsaya alhali yaro na ta fama, hanyoyin iska ne suka tsuke har abin da ke wucewa bai kai ya yi ƙara ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya ba ki masu tsaya miki yadda kika tsaya mana.

Yaron gidan Kawu da kika buga wa ƙofa, wanda ya kwashe mu mu uku a kan babur ya ƙi karɓar ko dala, Allah Ya tsare masa abin hawansa, Ya buɗa masa.

Sai nas ɗin da ke aikin dare. Bayan an sa wa Abba iskar oksijin, an yi masa hayaƙin magani, numfashi ya dawo, ta ce in nuna mata yadda yake shaƙar Ventoline, shuɗin abin shaƙarsa na asma, a gida. Ya fesa, ta yi murmushi ta ce rabin maganin a harshe yake tsayawa, haka yawancin yara suke yi. Ta ɗauko gorar ruwan Tangui ƙarama, mai rabin lita, ta wanke, ta huda gindinta daidai bakin abin fesawar, ta liƙe gefen da filasta. Ta girgiza maganin, ta fesa sau ɗaya cikin gorar, Abba ya kama bakin gorar da leɓɓansa ya ja numfashi biyar a hankali, sannan ta sake fesawa. Ta sa na yi da hannuna har sai da ta gamsu, ga marasa lafiya cike da ɗaki suna jiranta. Akwai na kanti a famasi, ta ce, amma kafin a samu kuɗinsa wannan ma yana aiki. Gorar tana nan cikin jakar makarantarsa. Baiwar Allah, Allah Ya biya ki da abin da ya fi albashi.

Likita kuma ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Asma ba ta warkewa ta tafi kamar zazzaɓin cizon sauro, kumburi ne da ke zaune a hanyoyin numfashi ko da yaro na wasa lafiya lau. Shuɗin abin shaƙar buɗe hanya kawai yake yi cikin mintuna, bayan awa huɗu haka ƙarfinsa ya tafi. Mai ruwan ƙasa, beklometazon, shi ke kwantar da kumburin, safe da yamma kullum, ya kurkure baki bayan ya shaƙa, ba a dainawa don an ga sauƙi. In ya kai ana neman shuɗin fiye da sau biyu a mako, a koma asibiti. Ƙurar hunturun da iska ke kwasowa daga Bodele a arewacin Cadi ba mu da iko da ita, sai takunkumi da rufe taga. Amma hayaƙin itace, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, waɗannan a hannunmu suke. Kaskon turarena ya koma gidan Adda, ita ma na gode da tuwon da ta yi ta aikowa.

'Yan uwa na nesa da suka turo kuɗin magani daga Marwa da Kusiri, Allah Ya mayar da ninkinsa. Na kusa kuwa, waɗanda unguwa ɗaya ce tsakaninmu amma sai saƙon murya ya iso cewa kada a saba masa da abin shaƙa don ba zai iya rabuwa da shi ba, mun ji. Ba ya sa jaraba, na tambaya. Wadda kuma ta hana 'ya'yanta shigowa, asma ba a ɗaukarta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da ita a 2019, babu wanda ya shafa wa wani. Allah Ya bar zumunci.

Ya Allah Ka ba duk mai kwance a asibiti lafiya, Ka sassauta wa uwar da ke zaune yanzu tana ƙirga numfashin ɗanta, Ka kawo mana damina lafiya ƙurar nan ta kwanta. Amin.

Masu zuwa dubiya ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Don Allah kada a feso turare, mai shan taba kuma ya gama tun a bakin titi. Ranar Alhamis ba ma nan, za mu koma ganin likita.