Kar ku kashe STONITH don kawai kilosta ta tashi

Ƙannena masu shigowa harkar sabobi, akwai wani layi da za ku yi ta cin karo da shi a darussan intanet na haɗa kilosta (sabobin da ke aiki tare, in ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓa) da Pacemaker mai juya ayyukan da kuma Corosync da sabobin ke jin juna ta kansa, wato stonith-enabled=false, wanda ke hana STONITH aiki, tsarin da ke kashe sabar da aka daina jin ɗuriyarta. Masu koyarwar suna sa shi ne don abin ya tashi da wuri a injin gwaji, ni kuma na kwafe shi tsaf na kai wurin aiki na gaske inda bayanan mutane suke. Sabobi biyu ne, duka suna ganin diski ɗaya ta iSCSI (hanyar isa ga diski ta netwok), na yi masa fomat da ext4 don shi na fi sani, Pacemaker ke ɗora shi a kan ɗaya in ta mutu ɗayar ta karɓa. Na zare wa ɗaya wuta, ɗayar ta karɓa lafiya lau, na ce shikenan aiki ya yi.

Abin da ban gwada ba shi ne ranar da duka biyun za su kasance a raye amma ba sa jin juna. Aka ɗauke wuta, sabobin da suwicin iSCSI suna kan UPS, shi kuwa suwicin da Corosync ke bi ashe a soket ɗin bango aka jona shi, ya mutu kafin janareto ya tashi. Kilosta mai saba biyu kuma ana sa mata two_node: 1, wanda ke ba saba ɗaya damar ci gaba ita kaɗai, to kowace ta ɗauka 'yar'uwarta ce ta mutu, ta biyun ta ɗora diskin alhali ta farkon tana kan rubutu a ciki. Shi ext4 bai san da wani inji ba, haka XFS, kowace saba tana riƙe da nata lissafin wuraren da babu komai a cikin RAM ɗinta, sai wannan ta rubuta a inda waccan ta riga ta rubuta. Da na kunna fsck mai duba diski da gyara shi, wallahi fayiloli ne rututu a lost+found inda yake zuba abin da ya tsinto, ba suna sai lambobi.

Aikin STONITH ke nan, kafin saba ta taɓa diskin sai ta kashe ɗayar ta tabbatar ta mutu murus. In injinku na Dell ne akwai iDRAC, na HP akwai iLO, duka 'yan na'urori ne a cikin sabar masu nasu kebul, ana bi ta ƙa'idar IPMI a kashe sabar daga nesa, amma don Allah kar ku jona su a suwici ɗaya da Corosync, in ba haka ba ranar da ake buƙatarsu su ma babu hanya. In babu waɗannan to SBD, ɗan ƙaramin yanki ne ake warewa a diskin tare da watchdog (agogon da ke yi wa inji ributin in ya daina amsawa), sabar da aka yanke wa hukunci ita ke kashe kanta. Kuma ku gwada da hannunku, pcs stonith fence, ku tsaya ku ga injin ya mutu da idonku, sannan ku zare kebul ɗin Corosync ana tsakiyar rubutu ku ga me zai faru. Ku ba Corosync hanyar netwok biyu, in da ɗan inji na uku ko tsoho ne ku sa masa qdevice ya riƙa raba gardama.

In dole sai duka biyun sun ɗora diskin lokaci ɗaya to GFS2 ko OCFS2 ne, fomat ɗin da aka yi don sabobi da yawa, ni dai ban cika so ba sai da dalili, don GFS2 da DLM (mai raba wa sabobin makullin fayiloli) yake tafiya kuma in aka kasa kashe sabar da ta ɓace komai tsayawa yake cak.

Sauran ƙananan abubuwa, kar ku sa diskin a fstab (jerin diskin da inji ke ɗorawa da kansa in ya tashi), Pacemaker kaɗai ya kamata ya ɗora shi, kuma kar ku kira shi /dev/sdb don sunan na iya canzawa bayan ributin, ku ɗauko na /dev/disk/by-id ko na multipath. Bakof kuma a wani inji daban, don duk abin da ya lalace a diskin nan duka sabobin biyu lalataccen za su gani.