Yadda na auna girman furoton daga Jos

Duk wanda na gaya wa cewa aikin digirina na biyu a kan auna girman furoton ne, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, abin da yake fara tambaya shi ne: da wane inji? Yana da gaskiya. Injunan wannan aiki babu su a Najeriya. Akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, akwai kuma na'urar hanzarta ƙwayoyi a Ile-Ife, amma ƙarfinta 'yan MeV ne (ma'aunin kuzarin ƙwayoyin zarra), alhali leƙa cikin furoton na bukatar ɗaruruwa zuwa dubbai. Abin da ke iso mu a Jos alƙaluma ne. Masu injunan a Jamus da Amurka, in sun gama gwaji, sukan wallafa teburan abin da suka ƙirga, kuma duk mai intanet da haƙuri yana iya sauke su ya yi nasa lissafin. Haka na yi, a ɗakina da ke Unguwar Rogo, da tsohuwar laftof da manhajar Python.

Gwajin kansa ba shi da wuyar bayani. Ana ba elektiron gudu har ya kusa kamo na haske, a harba shi cikin haidurojin, wanda cibiyar zarrarsa furoton ɗaya ce tak. Yawancinsu wucewa suke yi. Kaɗan sukan karkace, sai a girke na'urar ƙirga a gefe, a kusurwar digiri 20 ko 40 ko 90, a ga nawa suka iso. An zaɓi elektiron ne don iya binciken da aka yi ba a same shi da ciki ba, ɗigo ne kawai, kuma abin da ke haɗa shi da furoton ƙarfin lantarki da maganaɗisu ne, wanda lissafinsa ya fi kowanne tabbata a fiziks. Saboda haka in ƙirgar ta saɓa wa abin da ɗigo zai bayar, to daga furoton saɓanin ya fito. Gwargwadon ƙarfin elektiron, gwargwadon ƙanƙantar abin da yake iya rarrabewa. Mai MeV 200 yana fara jin abin da ya kai femtomita 1, wato a raba mita gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida biliyan.

Malamina bai bar ni na fara da furoton ba. Ya ce, "Fara da babba tukuna, wanda idonka zai ga siffarsa a zane." Na ce, "Malam, to bari in ɗauki kuza." Kakana ya yi aikin haƙarta a Bukuru, kuma ko ba don wannan ba, cibiyar zarrar kuza abar sha'awa ce: furoton 50 gare ta, adadin da ke sa cibiya ta zauna daram, shi ya sa take da ire-ire 10 da ba sa ruɓewa, fiye da kowane sinadari. Na ɗauki mai nauyi 120, na ƙaddara ta dunƙule ce mai rabin faɗin femtomita 5.9, na lissafa yadda elektiron mai MeV 250 zai watsu daga jikinta. Zanen da ya fito yana gangarowa, sai ya faɗa rami a wajen digiri 35, ya sake tasowa, ya sake faɗawa. Ramukan nan su ne awon. Elektiron igiyar ruwa ne a wannan ma'auni, ɓangaren da ya bi ta wannan gefen cibiya da wanda ya bi ta wancan sukan soke juna a wasu kusurwoyi, kuma inda ramin farko ya faɗo shi ke gaya maka girman abin. A lissafina mai sauƙi ramin yana kaiwa sifili. A alƙaluman gaske na cibiyoyi masu nauyi yakan cike, domin furoton 50 suna jawo elektiron tun kafin ya iso, su lanƙwasa masa hanya, kuma bakin cibiya ba yankakke ba ne, a hankali yake shuɗewa cikin femtomita 2 da wani abu. Ranar da na gane dalilin cikewar ramin na fara jin cewa aikin nawa ne.

Robert Hofstadter ne ya buɗe wannan hanya a jami'ar Stanford ta Amurka, a shekarun 1950. Shi da ɗalibansa suka auna cibiyoyi iri-iri har da ta zinariya, sannan suka juya kan haidurojin da elektiron mai MeV 188, suka ga ƙirgar ta gaza ta ɗigo. Furoton yana da jiki, rabin faɗinsa wajen femtomita 0.8. An ba shi kyautar Nobel a 1961.

Da na dawo kan furoton sai na tarar ba rami ko ɗaya. Zanen gangara kawai yake yi, kuma abu biyu ne cuɗe a cikinsa: yadda cajin lantarki ya bazu a jikin furoton, da yadda maganaɗisunsa ya bazu. Hanyar raba su ta Marshall Rosenbluth ce, daga lissafin da ya fitar a 1950. Kana riƙe ƙarfin bugun, wanda ake rubutawa Q², a wuri ɗaya, kana canja ƙarfin elektiron da kusurwa, sai alƙaluman su jeru a miƙaƙƙen layi. Karkatar layin ta caji ce, inda ya taɓa gefe na maganaɗisu ne. Na yi wannan da tsofaffin alƙaluman SLAC, cibiyar bincike ta jami'ar Stanford, layin ya fito gwanin kyau, caji da maganaɗisu suna raguwa kafaɗa da kafaɗa kamar yadda littattafai suka ce. Na kai wa Malam ina murna. Ya duba, ya ce aikin ya yi, sannan ya ba ni takardar da masu ɗakin binciken Jefferson na jihar Virginia suka fitar a 2000. Sun auna abu guda ta wata hanya, ta duban yadda juyin elektiron ke komawa jikin furoton bayan karo, suka ga rabon caji yana faɗuwa ƙasa da na maganaɗisu yayin da bugun ke ƙaruwa. Gwaji biyu, kowanne an yi shi da kyau, amsa biyu. Abin da yawancin masana suka fi zargi shi ne lissafin Rosenbluth ya ɗauka foton ɗaya, wato ƙwayar haske, ake musaya tsakanin elektiron da furoton a kowane karo, alhali wani lokaci biyu ne. Gyaran ƙarami ne, 'yan kashi cikin 100, amma a babban bugu rabon caji a cikin jimillar shi ma ƙarami ne, don haka ƙaramin gyara kan karkatar da layin gaba ɗaya. Tun daga nan, in layi ya miƙe mini, nakan tambayi abin da aka ƙaddara kafin a zana shi.

Tsakiyar aikina rigimar girman furoton ce. A 2010 masu injin MAMI da ke Mainz a Jamus suka wallafa awo sama da 1,400, da elektiron daga MeV 180 zuwa 855, suka ce rabin faɗin cajin furoton femtomita 0.879 ne. Wannan ya dace da abin da aka daɗe a kai. A shekarar dai, a cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan, wasu suka cire elektiron ɗin haidurojin suka sa miyuwon, wata ƙwaya mai caji irin na elektiron, a madadinsa. Miyuwon ya ninka elektiron nauyi sau 207, yana zagayawa dab da furoton, don haka ya fi jin girmansa. Suka samu 0.842, kuma kuskuren awonsu ɗan mitsitsi ne. Tazarar kashi 4 cikin 100 ce, amma ta ninka kuskuren da ɓangarorin biyu suka yarda da shi sau da yawa, har wasu suka fara tunanin ko miyuwon na jin wani ƙarfi da ba a sani ba.

Na sauke teburin Mainz, a nan kuma na ga abin da ban taɓa ji a aji ba. Girman furoton karkatar zanen caji ne a daidai inda bugu yake sifili. Ba wanda ya taɓa yin awo a wurin, ba kuma wanda zai yi, domin bugu sifili na nufin elektiron ya wuce bai karkace ba. Mafi ƙanƙantar Q² da Mainz suka kai wajen 0.004 ne a ma'aunin GeV² (GeV ɗaya MeV 1,000 ne). Daga nan zuwa sifili kai ne za ka ja layi, kuma kai ne za ka zaɓi irin layin. Na zauna na lissafa da hannu: a wannan wuri na ƙarshe, bambancin ƙirga tsakanin furoton mai 0.84 da mai 0.88 kashi 2 ne cikin 1,000. Yawan elektiron da aka harba da kaurin haidurojin da suka ratsa kuwa, ba a iya sanin su da wannan tsafta, shi ya sa masu gwajin suka bar lambobin daidaitawa wajen 30 a sake, lissafi ne ke tsayar da su tare da amsar. Ga kuma gyaran hasken da elektiron ke zubarwa lokacin karo, wanda sau da yawa yakan haura kashi 10 cikin 100.

Na ɗauki alƙaluman ƙaramin bugu kaɗai na bi su da layi mai sauƙin lanƙwasa, amsa ta faɗo kusa da 0.84. Na ɗauki teburin duka na bi shi da layi mai gaɓoɓi da yawa, ta haura kusa da 0.88. Tebur ɗaya ne, kwamfuta ɗaya ce. A sanyin Janairu, irin na Jos da ke hana yatsu bin madannai, na yi dare da yawa ina ƙara gaɓa ina ragewa, ina kallon lambar tana hawa tana sauka. In an ɗauke wuta sai in koma takarda. Abin ya dame ni sosai, don na ga yadda mutum mai son 0.84 zai iya tsayawa inda ta fito masa da zuciya ɗaya, ba tare da ya yi ƙarya ko guda ba.

Na kai wa Malam kukana. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan rubuta?" Ya ce, "Kada ka rubuta ko ɗaya tukuna. Ƙirƙiro furoton naka wanda ka san girmansa, ka ga wane layi ne zai faɗa maka gaskiya." Wannan shawara ita ce mafi amfanin abin da na samu a shekarun. Na sa kwamfuta ta haifar da alƙaluman gwaji daga furoton da ni na yanka masa girma, na yayyafa masu kuskure irin na na'ura, na maimaita sau dubbai, kowane karo ina gwada layuka daban-daban. Layi mai gaɓoɓi kaɗan yana ba da amsa a tattare, amma duk ta jirkice gefe ɗaya, ƙasa da gaskiya, domin bai iya bin lanƙwasar zanen ba. Mai gaɓoɓi da yawa ba ya jirkicewa, amma amsoshinsa a warwatse suke. Akwai tsaka-tsaki, kuma wurinsa ya danganta da iyakar bugun da ka tsaya. A kundina na ba da lamba tare da irin layin, da iyakar alƙaluman, da yadda lambar ke motsi in an canja su, kuma kuskuren da na rubuta ya fi wanda na so faɗi. Har yau in na ga an kawo girman furoton ba a faɗi yadda aka ja layin ba, ban cika sakin jiki da shi ba.

Babi ɗaya na ware wa bugu mai tsanani, wanda ke farfasa furoton. A SLAC da ke Kalifoniya, da inji mai tsawon kilomita 3 da ƙarfin da ya kai GeV 20, an ga abin mamaki a 1968: elektiron da yawa suna dawowa ta manyan kusurwoyi, fiye da yadda jiki mai laushi zai iya mayar da su. In ka jefi buhun auduga da dutse ka ji ya yi ƙara ya dawo, ka san an cusa wani abu a ciki. Abin da aka cusa su ne kuwak, ƙananan ƙwayoyi uku da suka haɗu suka zama furoton, waɗanda Gell-Mann da Zweig suka kawo a lissafi a 1964, kuma Friedman da Kendall da Taylor sun karɓi Nobel a 1990 saboda gwajin. Na haɗa alƙaluman SLAC da na injin HERA na Hamburg, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007, a zane ɗaya. Ga kuwak mai ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar furoton, layin a kwance yake kusan ko'ina, alamar ɗigo. Ga masu ɗan ƙaramin rabo kuwa, layin tashi yake yi, domin duk yadda ka ƙara ƙarfi, ƙarin guluwon, wato ƙwayoyin da ke ɗaure kuwak wuri ɗaya, da kuwak masu bayyana su ɓace kake gani. Kuwak duka rabin tafiyar furoton kawai suke ɗauke da shi, sauran na guluwon ne. Nauyin kuwak ukun nan kuma bai cika MeV 10 ba a cikin 938 na furoton. Wannan babin na fi jin daɗin rubutawa, ko da yake ban ƙara komai a kansa ba.

A 2019 gwajin PRad na Jefferson ya gangara zuwa Q² na 0.0002, ya kuma magance matsalar daidaitawa ta hanyar ƙirga karon elektiron da elektiron a lokaci guda, wanda lissafinsa sananne ne. Sun samu 0.831. Kwamitin da ke tsayar da ma'aunan fiziks na duniya ya koma 0.841. Duk da haka alƙaluman PRad da na Mainz ba su daidaita ba a inda suka haɗu, kuma ni a ganina wannan ya fi lambar ƙarshe muhimmanci. An kafa gwajin MUSE a Suwizalan don harba elektiron da miyuwon kan haidurojin a na'ura ɗaya, Jefferson kuma sun tsara zagaye na biyu na PRad. Manhajar da na rubuta tana nan, na ba ɗalibai biyu da ke bayana, na ce su fara da kuza, sannan su gwada layukansu a kan furoton na ƙirƙira kafin sababbin teburan su fito.