Raunin da na yi wa tsutsa da raunin da ban san na yi ba

Aikin da aka ba ni a ɗakin bincikenmu shi ne in gano waɗanne ƙwayoyin gado (umarnin da ke cikin sel, wanda ake gada daga iyaye) ne ke farkawa, kuma a cikin wane irin sel, sa'ad da tsutsar fulaneriya ke sake gina kanta bayan an yanke ta. Sel shi ne ɗan ƙaramin tubalin da jikin kowane mai rai ke ginuwa da shi. Tsutsar kuwa, wadda ake kira Schmidtea mediterranea, shimfiɗaɗɗiya ce mai zama a ruwan daɗi, tsawonta da kyar ya kai faɗin farce. Ka raba ta uku, cikin mako ɗaya zuwa biyu sai ka tarar da tsutsotsi uku, kowace da kanta da idanunta. Tun a 1898 masanin halittu Thomas Hunt Morgan ya yanka irin waɗannan tsutsotsi yana mamakinsu, har yau mamakin bai ƙare ba.

Sirrin yana hannun wasu sel da ake kira niyobilas. Su kaɗai ne ke rabuwa su hayayyafa a jikin tsutsar, kuma daga gare su ake samun fata da hanji da jijiya da tsoka. A 2011 ɗakin binciken Peter Reddien a Amurka ya nuna cewa niyobilas guda ɗaya tak, in aka dasa shi a jikin tsutsar da aka kashe mata nata da hasken radiyeshon, yana iya ceto ta. A 2018 kuma aka fitar da manyan taswirori biyu na ire-iren sel na wannan tsutsa, ɗaya daga wurin Reddien, ɗaya daga wurin Nikolaus Rajewsky a Jamus, ta hanyar karanta saƙon RNA, wato kwafin da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, na dubban sel ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan tubali na so in ɗora nawa: taswirar da ke tafiya da lokaci, daga sa'ar yanka har kai ya fito.

Shiri na yi shi yadda ya kamata. Na hana su abinci mako guda don kada abin da ke hanjinsu ya gurɓata sakamako. Na ɗora su kan takarda mai laima a bisa sanyi don su daina motsi, na yanke su a gaban maƙogwaro, na tattara gutsattsarin bakin rauni bayan awa 6, awa 24, awa 48, har kwana 7. Abin da ya fara ba ni wahala yauƙi ne. Da zarar ka taɓa ta sai ta saki yauƙi mai danƙo, ya haɗe sel ɗin wuri ɗaya kamar dunƙule, ya toshe rariyar tacewa. Sai da na koyi wanke su da sinadarin NAC mai narkar da yauƙi tukuna aikin ya tafi.

Kuskurena ya zo ne a matakin wargazawa. Kafin na'ura ta karanta sel ɗaya-ɗaya, dole a raba su da juna, kuma na yi hakan da sinadarin narkarwa, sel ɗin suna raye. Da sakamako ya fito a kwamfuta, na ga wani gungun sel da ƙwayoyin gado irin su fos da egr suka yi sama sosai a cikinsa. Waɗannan su ne masu saurin amsa kiran rauni. Raina ya yi fari, na kwana ina tsara yadda zan bayyana sabon yanayin sel da na gano. Washegari wata abokiyar aiki da ta riga ni shiga fagen ta dubi hoton, ta ce, "Ina na tsutsar da ba ka yanka ba?"

Ban yi shi ba. Da na yi, sai ga gungun nan a tsutsar da aska ba ta taɓa ba. Ashe wargazawar ita kanta rauni ce. Sel ɗin da aka fizge daga maƙwabcinsa, aka bar shi yana yawo cikin sinadari na tsawon mintuna, kukan da zai yi shi ne kukan da yake yi a bakin yanka. A wata dabbar wannan ƙaramar matsala ce da za a share a lissafi. A nan kuwa ita ce ainihin abin da nake nema, don haka na kasa bambance muryar tsutsa da muryar hannuna. Aikin wata uku ya tafi, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na sake daga farko da hanyar ACME, wadda aka wallafa a 2021. Haɗin ruwan tsami ne na asetik da metanol da gilisarol, yana daskarar da sel a daidai lokacin da yake raba su, ba su da damar mayar da martani. Gungun ya ɓace daga tsutsar da ba a yanka ba, ya rage a inda ya dace. Manyan sel masu saurin fashewa, waɗanda da can suka yi ƙaranci a lissafina, su ma suka ƙaru. Tun daga nan ba na sake gudanar da gwaji ba tare da cikakkiyar tsutsa a gefe ba, rana ɗaya, hannu ɗaya, sinadari ɗaya.

Akwai kuma abin da taswirar ba za ta taɓa gaya maka ba, wato wuri. Da ka wargaza jiki, ka zubar da adireshin kowane sel. Ga tsutsar nan kuwa wuri shi ne komai. An san tun 2013 cewa sel na tsoka ne ke riƙe da umarnin ina gaba ina baya, kuma tun kafin nan an san cewa in aka kashe aikin ƙwayar gado ta beta-catenin, sai kai ya fito inda wutsiya ya kamata ta fito. Taswirata ta nuna mini wnt1 da notum, ƙwayoyin gado biyu masu hannu a wannan umarni, duka a cikin tsoka bayan yanka, amma ba ta ce wanne ke wane gefe ba. A ganina duk wanda ya tsaya a kan launukan kwamfuta ya ce ya gama, rabin aiki ya yi.

Sai na koma ga tsutsar sukutum. Na daskarar da gutsuren tsakiya mai rauni gaba da baya, na kore launin jikinsa, na sa alamar da ke manne wa saƙon kowace ƙwayar gado a inda yake. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, wnt1 ya bayyana a bakin raunukan biyu. Shi kuwa notum, ɗige-ɗige ne jere a gefe ɗaya kaɗai, gefen da ke fuskantar gaba, inda bayan 'yan kwanaki na ga baƙaƙen ɗigo biyu na idanu sun fara leƙowa daga farin naman da ya tsiro.