Aikin Lahadi a ɗakin yara

Lahadi, Garwa, arewacin Kamaru.

Yau aikin yini ya faɗo kaina a ɗakin yara na asibitinmu. Babu layin masu yankan kati, babu ɗaliban koyon jinya, ofisoshi kuma duk a kulle, shi ya sa maƙwabtana suke ɗauka cewa wanda aka ba Asabar da Lahadi hutu ya samu a fakaice. A ganina hayaniya ce kawai take raguwa, nauyi kuwa ƙaruwa yake yi.

Daga Litinin zuwa Juma'a gajiyar ta ƙafa ce da ta rubuce-rubuce. Likita yana zagayen safe, shugabar ɗaki tana nan, masu gwajin jini suna bakin aikinsu, kuma idan abu ya shige wa mutum duhu akwai wanda zai tambaya nan take. Yau kuwa mu masu jinya biyu ne a kan gadaje cike, likitan da ke kan kira yana kewaya sassa da yawa shi kaɗai, saboda haka shawarar farko, wadda sau da yawa ita ce mafi muhimmanci, a hannunmu take.

Marasa lafiyar ma ba iri ɗaya ba ne. A watan Satumba zazzaɓin cizon sauro yana kan ganiyarsa, kuma iyaye da yawa sukan sayi magani a bakin hanya su jira Litinin, duk da cewa tun 2014 gwamnati ta ce maganin zazzaɓi mai tsanani kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Wanda aka kawo ranar Lahadi, to, jiran ne ya gagara.

Bayan azahar wata tsohuwa ta iso a kan mashin da jikanta daga wajen Pitowa, inda kasuwa take ci yau, uban yaron kuma ya tsaya can yana neman mai sayen akuyarsa. Da na buɗe tafin hannun yaron na gan shi fari fat, alamar ƙarancin jini, numfashinsa yana sama-sama. Gwaji ya nuna zazzaɓin, muka auna nauyinsa, muka yi masa allurar artesunate, maganin zazzaɓi mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo kamar yadda ake yi wa yaron da bai kai kilo 20 ba, za a maimaita bayan awa 12 da kuma bayan awa 24. Matsalar ita ce jini, domin mutum ɗaya ne yake riƙe da ɗakin gwaji, kuma sai dangi sun kawo mai bayarwa. Tsohuwar ta miƙo mini hannunta tana cewa, "'Yata, nawa ba zai yi ba?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, shekarunki sun ja, a kira mana kawunsa." Sai dab da magariba aka ɗaura masa jinin, abin da na tabbata da ranar Talata ce da an gama shi kafin la'asar.

Ba zan ƙi faɗin alherin ƙarshen mako ba. Babu mai kiran taro, don haka na samu zama da iyaye mata na yi musu bayanin ƙwayoyin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina, da kuma allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara ba jarirai a Janairun 2024. Da yamma 'yan dubiya suka cika ɗaki da kwanukan abinci, sai da muka yi ta lallashi kafin su ba mu hanya.

Na miƙa aiki ga masu kwana, na ja hankalinsu ga lokacin allura ta biyu. Gobe a taron safe zan roƙi shugabarmu ta ƙara mutum ɗaya a jadawalin Asabar da Lahadi, ko da zuwa ƙarshen Oktoba ne.