Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Kwaɗin da Anasara ya bar mini

Salamu alaikum ƴan uwa, da fatan an ga sati lahiya. Wancan mako mun tsaya inda anasaran da nake ma aikin gardi da ban ruwan shuke-shuke a kartiyen Plateau ya tattara ya bar Yamai, bayan juyin mulkin da aka yi ranar 26 ga Yuli 2023. Kuku ya samu firigo, direba ya samu kujeru, ni kuwa sai ya kama hannuna ya kai ni gaban akwatin gilashin nan na falo, ya ce ba wanda ya yarda da shi a kansu sai ni, tunda dama ni ke canza musu ruwa. Kwaɗi biyu, mace da namiji.

Kar ku ɗauka irin kwaɗinmu ne na damina masu kuka bakin tabki. Waɗannan sunansu Pipa pipa, asalinsu daga Amurka ta Kudu, ƙasashe irin su Surinam da Birazil da Peru, cikin ruwa mai laka wanda ba ya gudu sosai. Faƙe suke kamar busasshen ganyen mangwaro da ya nutse, kai mai kusurwa uku, ido ɗan mitsitsi, in suka lafe a ƙasa wallahi sai ka rantse matattu ne. Ba sa fitowa tudu, rayuwarsu duka cikin ruwa, sai dai lokaci lokaci su taso su shaƙi iska su koma.

A amalanke na kawo akwatin gidanmu a Talladje, kwaɗin kuma cikin bokiti da marfi a kan cinyata. Uwargida na leƙawa ta ja baya da salati, ta ce Malam mutane ana ba su firigo kai kwaɗo ka ɗauko mana, a wannan tsadar shinkafa? Na ce amana ce, mai rai ne, in na bar su a can wa zai kula. Ta yi shiru, amma ta kafa sharaɗi ba za su kwana ɗakinta ba.

Abincinsu shi ne ya hana ni barci. Wanda anasara ya bari a firigo ya lalace saboda lokacin kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama, sai a yini a kwana babu. Su kuma ba su da harshe ba su da haƙori, ba kamar kwaɗonmu mai harbo harshe ya cafke ƙwaro ba. Yatsun hannunsu dogaye ne sirara, ƙarshen kowane ya rabu huɗu kamar ɗan tauraro, da su suke jin motsin abu a ruwa. Kwaɗon zai miƙe hannu gaba ya yi lamo, abu na giftawa ya taɓa yatsan sai ya wage baki ya zuƙe shi tare da ruwa, kafin ka ƙifta ido an gama, wani lokaci ya sa hannu ya ƙarasa tura sauran. To abin da ba ya motsi kwaɗina ba su ma kallonsa. Yara sun jefa musu tuwo, nan ya narke ya ɓata ruwa, dole na canza.

Sai na tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda, wajen wani dattijo mai garka bakin kogi da nake sayen irin salati hannunsa. Na ce Baba tana nake nema. Ya ce kamun kifi ka fara? Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kira jikansa ya ce a tonar mini gindin ayaba inda ƙasa ke da laima, kuma ya gargaɗe ni kar in ɗebi ta fangalin da aka fesa ma magani. Wannan gargaɗin na riƙe shi da kyau, don fatar kwaɗo tana shan duk abin da ya shiga ruwa, ko sabulu a hannuna ba na yarda in tsoma.

Daren nan na kashe tocila na bar hasken waya kaɗan, na ɗauraye tana guda na sake ta daidai hannun macen. Ta daɗe ba ta motsa ba. Tanar na murɗawa ta shafi yatsanta sai kawai na ji ƙwat, laka ta tashi, tana ta ɓace. Ƴata ƙarama da ke tsugune gefena ta ƙwala ihu Baba ta ci, ta ci! har uwar ta fito da zane a hannu ta ga mene ne.

Daga nan muka samu tsari. Sau biyu ko uku a sati nake ba su, da dare, tana ko ƴan ƙananan kifi masu rai da nake karɓa wajen masu su, ba kullum ba don in suka ƙoshi da yawa kashinsu na ɓata ruwa. Tanar ma na daina zaryar nemanta, na samu tsohuwar roba na huda ƙasanta na zuba ƙasar garka da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon kayan miya, ina yayyafa ruwa, suna hayayyafa da kansu. Ruwan pampo kuwa sai ya kwana ya yini a buɗaɗɗen bokiti don warin jabel, wato maganin da ake sa ma ruwan, ya fita, kuma kashi ɗaya cikin huɗu kawai nake canzawa duk sati. Tsakuwa ƙanana na kwashe su duka, tunda mai zuƙar abinci haka zai iya haɗiye dutse.

Sai zafin Yamai. Su ruwa mai ɗumi kaɗan suke so, wajen digiri 24 zuwa 28, mu kuma Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha. Na mai da akwatin ɗaki mafi duhu, na lulluɓe gefensa da jiƙaƙƙen buhu, da rana in sayo ƙanƙara in bar ta cikin ledarta tana yawo saman ruwa. Kuɗin ƙanƙarar nan ya ci min aljihu ba kaɗan ba, akwai ranar da na fasa shan shayi don ita, kuma ban ji ciwo ba. Uwargida da ta ce ba ruwanta ita ce ke jiƙa buhun in na fita neman aiki.

Anasara ya taɓa nuna min bidiyo, ya ce macen a bayanta take ɗaukar ƙwai, kamar 60 zuwa 100, fata ta rufe su, bayan wata uku zuwa huɗu ƴan kwaɗi su fasa su fito da ƙafafunsu cif. Ya ce alamar farko namijin zai fara wani ƙara ƙyas ƙyas cikin ruwa, da wani ɗan ƙashi na maƙogwaronsa yake yi. To farkon damina, wani dare bayan an yi ruwa, uwargida ta tashe ni ta ce Malam tashi, akwai mai taɓa kwaɗon ƙofa. Na ɗauki sanda na zagaya gida ban ga kowa ba, ashe daga ɗakin akwatin ƙarar ke fitowa.

Abin da ya biyo baya, da yadda mutanen kartiye suka fara yi mana layi a ƙofa, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.