Uku cikin biyar

Talata, dare.

Yau ma Ummi ce malamar. Tun ranar da na cike takardar neman zama 'yar ƙasar Amurka ta naɗa kanta alƙaliya. Da ta dawo daga makaranta sai ta kwaso katunan tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, ta hau kujerar babanta ta harɗe ƙafa, wai ita ce jami'ar da za ta yi min intabiyu. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya! Ni ina yanka albasa ina ba da amsa.

Sanatoci nawa ne? Ɗari, kowace jiha biyu. Wa'adinsu? Shekara shida. 'Yan majalisar wakilai? 435, su shekara biyu. Alƙalan Kotun Ƙoli tara. Gyara nawa aka yi wa tsarin mulkin? Na ce 26, ta buga tebur: "27 ne, Umma! Jiya ma haka kika ce." Maganar rassa uku kuwa ba ta ba ni wuya, majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta fassara. Ai shi Najeriya ta kwaikwayo a 1979 lokacin Shagari, da shi muka taso. Har na fara yi mata fankama.

Sai ta zo kan kalmomi ukun farko na tsarin mulkin. Na faɗa mata da Turanci, na ƙara da Hausa don tsokana: "Mu jama'a." Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye katin ta ce, "Umma, kin san a da baƙar fata uku cikin biyar ake ƙirga shi? Malamarmu ta faɗa yau."

Daidai nan Baban Ummi ya shigo, ko takalmi bai cire ba ya karɓe zancen, kun san shi da rediyon motarsa. Ya ce ba haka lissafin yake kai tsaye ba. A taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta tsarin mulkin, an yarda kujerun majalisar wakilai su bi yawan mutanen jiha. Jihohin kudu masu bayi suka ce a ƙirga bayinsu duka, na arewa suka ce yaya za ku kira mutum dukiya da safe, da yamma ku ce shi mutum ne don ku sami kujera? Aka sasanta a kan kowane bayi biyar a lissafa uku. Wato masu bayin ne ma suke son a ƙirga su cikakku. Bawan ba shi da ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa ƙarfi a majalisa.

Ummi ta yi shiru. Can ta ce, "To da muna nan a lokacin, muna cikin 'mu jama'a' ɗin?"

Na ce ta miƙo min gishiri.

Abin da na ce ke nan, wallahi. Kuma shi ya hana ni barci. Yarinya ta yi tambayar da ta fi duk na katin nan, uwarta ta aike ta ɗauko gishiri.

Bayan sun kwanta na zauna da wayata ina ta karatu. Mutum 55 ne suka halarci taron, daga Mayu zuwa 17 ga Satumba, a tsakiyar zafi, sun rufe ƙofa sun yi alkawarin ba wanda zai fitar da zance waje. 39 suka sa hannu. George Washington da ya shugabanci zaman yana da bayi, James Madison ma haka. Abin da ya fi tsaya min: ko sau ɗaya ba su rubuta kalmar bawa a takardar ba. "Sauran mutane" suka ce. Wanda ya kasa kiran abu da sunansa ai ya san abin da yake yi. Suka kuma rubuta cewa ba za a hana shigo da bayi ba kafin 1808. A 1807 aka sauke Umar ibn Sa'id a matsayin bawa a birnin Charleston na Amurka, malami daga Futa Toro a Afirka ta Yamma, mai karatu da rubutu da Larabci. Saura shekara ɗaya a rufe ƙofar.

Na so in yi fushi sosai, sai na tuna Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, yadda take cewa "bayin gidanmu" tana ɓare gyaɗa, ko a jikinta. A arewacin Najeriya sai 1936 doka ta gama soke bauta. Fushin sai ya rasa inda zai sauka.

Gyara na 14, na 1868, shi ya share lissafin uku cikin biyar, ya ce a ƙirga kowa cikakke. Kuma a cikinsa ne aka ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Da shi Ummi ta sami fasfonta tun tana cikin zani, ni uwarta ina nan ina haddar kati. Wannan ya kamata in gaya mata ɗazu. Da safe kafin ta fita, in Allah ya kai mu, idan ban sake tsorata ba.

Sauran yau: tsohuwata ta wurin aiki ta ƙi cin abinci sai shayi. Jirgin ƙasa ya makara, na tsaya a sanyin Bronx ta New York har yatsuna suka ƙage. Yaya ta kira daga Kano kan kuɗin ankon bikin, ban ɗaga ba.

Miyar ma gishiri ya yi mata yawa. Baban Ummi ya ci bai ce komai ba.